Ɗan karan nan na mainos ya kusa raba mu da kwastomar shekara tara

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga Jidda nake rubuto maka, wajajen Bab Sharif, inda nake riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na abaya da sallaya da turare da carbi, irin kayan da alhazai da masu Umara ke saya su yi tsaraba ko su sara su kai Kano da Yamai da Gadarif. Dan Allah ka ara min fili a jaridarka in yi magana da yaranmu masu rubuta manhaja, na nan Saudiyya da na gida, akan wani abu da suke ganin ƙarami ne, wato yadda manhaja ke fito da lamba mai alama a gabanta, fulos ko mainos, tarawa ko ɗebewa, Larabawa su ce mujab da salib. Ni kaina ina ɗan taɓa Python, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru, ba labari aka bani ba.

Akwai wata Hajiya da ke zuwa mana duk azumi daga Kano, shekara tara tana sayayya wurin kawu, amana ce tsakaninsu har ta kai tana barin kuɗi a hannunsa ko ta ɗauki kaya ta tafi sai ta dawo. Wannan zuwan ta ɗibi kaya da yawa, aka yi lissafi ya zamana muna binta riyal 1,850. Na buga mata takardar bayanin asusu daga manhajar da na haɗa wa shagon da hannuna, a ƙasa an rubuta rasid da Larabci, wato abin da ya rage, sai lambar. Acikin kwamfuta lambar nan -1850 ce, mainos ɗin yana nan daram a hagu. Amma da ta fito kan takarda kusa da kalmar Larabci sai karan ya tsallake ya koma dama, ya zauna tsakanin kalmar da lambar, duk wanda ya kalla zai ce karan-ɗori ne kawai da aka sa don a raba rubutu da lamba. Hajiya ta karanta rasid, 1,850, ta ninke ta sa a jaka ta hau jirgi da sanin cewa tana da ragowar kuɗi a wurinmu.

Bayan wata huɗu ta turo ƙaninta da ya zo aikin Hajji, wai a bashi abaya na 1,850 daga cikin kuɗinta. Kawu ya ce wane kuɗi, ai mu ke binta. Aka kira ta a waya, ni na ɗauka, ta ce ɗana kai ka bani takardar nan da hannunka, gata a gabana, na ce Hajiya wallahi mainos ne, ta ce wane irin mainos ne a bayan lamba, ni ban taɓa gani ba. Kuma gaskiyarta. Abin da ya fi ɗaga min hankali a ranar shi ne da na lura ratar da ke tsakaninmu ba 1,850 bace, 3,700 ce, sabo da ita tana can sama da sifili da 1,850 mu kuma mun ajiye ta ƙasa da sifili da 1,850. Kuskuren ɗigo ko na halala, wato kwabon riyal, ana iya cewa a yafe, amma in alama ta ɓace ninki biyu take ci, kuma kowa a cikinku yana rantsuwa akan gaskiyarsa, babu maƙaryaci a ciki, shi yasa rigimar ke da zafi.

Abin da ya cece mu tsohon littafin kawu ne, wanda na daɗe ina ce masa ya daina wahalar da kansa tunda ga kwamfuta. Shafinsa gida biyu ne, lahu da alaihi, nasa da wanda ke kansa, duk abin da mutum ya kawo a gida ɗaya, duk abin da ya ɗauka a ɗayan, babu kara babu alama. Muka ɗauki hoton shafukan muka tura mata ta WhatsApp, ta zauna da ɗanta suka bi layi layi, washegari ta kira ta ce ta gani, Allah ya kyauta. Ta biya, amma azumin da ya biyo baya bata zo shagonmu ba, sai na bayansa.

Na zauna na bi diddigin abin don ban yarda in ce firinta ce ta yi ba. Ga yadda yake. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, lambobi kuma ko a cikin Larabci daga hagu suke tafiya zuwa dama, toh kwamfuta na da ƙa'ida ta Unicode da take bi ta jera haruffa idan rubutu iri biyu suka haɗu a layi ɗaya. A ƙa'idar nan karan mainos da ke gaban lamba bashi da ɓangare, duk inda maƙwabtansa suka fuskanta nan yake bi, da ya ga kalmar Larabci a gabansa sai ya ɗauki kansa ɗan gidansu ya jeru daga dama. Ga Balaraben da ya saba karatu daga dama wannan ba laifi bane, karan ne farkon abin da idonsa zai tarar kafin lamba. Amma kwastomominmu boko suka yi a Kano da Zariya da Maraɗi, a hagu suka san mainos. Maganinsa wani harafi ne da ido baya gani, lambarsa U+200E, ana sa shi dab kafin karan, sai ya riƙe shi a hagu ya manne da lambarsa. Harafi ɗaya tak. Na sa, na buga, ya zauna inda ya kamata.

To amma da na fara tono sai na ga matsalar ta wuce ta Larabci, mu masu rubuta manhaja mun ɗauka cewa in lamba ba ta da komai a gabanta kowa ya san fulos ce. A makaranta haka ne. A kasuwa ba haka bane, sabo da lambar da ba ta da alama abu biyu take iya zama, ko fulos ce ta gaske, ko mainos ce da karanta ya goge, ko firinta ta yanke shi a gefen takarda, ko ya tsallaka wani wuri kamar namu. Takardar rasit ɗin nan ta zafi kowa ya san halinta, ka bar ta a aljihu ko a gaban mota cikin ranar Jidda kwana kaɗan rubutun ya dushe, kuma farkon abin da ke tafiya shi ne ɗan siririn kara. Shi yasa nake ganin duk inda lamba ke iya zuwa ta fuska biyu, ragowar asusu, riba da faɗuwa, hawa da saukar farashi, a tilasta wa fulos ɗin ma ya fito. In mutum ya saba ganin +400 da -400, ranar da ya ga 400 tsirara zai tsaya ya tambaya.

Kuma ba wani aiki bane wallahi. A yaren C in ka rubuta %d lamba mai mainos ce kaɗai za ta fito da alama, in ka rubuta %+d kowacce za ta fito da tata. Akwai kuma wanda ake barin fili tsakanin % da d, shi wannan yana bar wa fulos gurbi babu komai a ciki don lambobi su jeru sambal a ƙarƙashin juna, yana da kyau a ido amma ga takardar bashi ban yarda da shi ba, ai gurbin da babu komai shi ne dai matsalar da muke gudu. A Python in ka ba lamba tsarin +,.2f za ta fito maka +1,850.00 da waƙafinta da halalarta. A Excel tsarin lamba gida uku ake iya raba shi da waƙafi mai ruwa, gidan farko na fulos, na biyu na mainos, na uku na sifili, kamar haka +#,##0.00;-#,##0.00;0.00 kaga har sifili ka ware masa nasa, don shi %+d ɗin can in ya tarar da sifili +0 zai rubuta, kuma kwastoma zai tambaye ka fulos sifili kuma mene ne. Masu JavaScript su duba signDisplay a cikin Intl.NumberFormat, akwai zaɓin da ke sa alama a kowace lamba banda sifili.

Wanda ya fi fulos sifili ban haushi shi ne mainos sifili. Wani dattijo ya biya bashinsa kaf, na buga masa takarda ta fito -0.00, ya riƙe ta yana juyawa ya ce yaro har yanzu da saura ne, in da saura ka faɗa min kada in mutu da haƙƙin mutane. Jikina ya yi sanyi. Dalilin shi ne kwamfuta ba ta iya riƙe irin su 0.1 cif cif, a tsarin biyu biyu take ajiye su, in ka ce ta tara 0.1 da 0.2 sai ta baka 0.30000000000000004, in ka ɗebe wannan daga 0.3 sai wani ɗan burbushi ya rage ƙasa da sifili wanda ko ƙurar halala bai kai ba, da aka zo yanke shi zuwa gida biyu bayan ɗigo lambobin suka zama sifili amma karan ya ƙi tafiya. Ma'aunin da kusan duk kwamfutoci ke bi, IEEE 754 na 1985, shi da kansa ya yarda akwai sifili iri biyu, mai fulos da mai mainos, masu lissafin kimiyya na da amfaninsa, mai shago bashi da shi. Tun da harajin ƙarin ƙima na nan Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020 ba ka rabuwa da gutsattsarin halala a kowace fatura, wato takardar ciniki, nan ne irin wannan burbushin ke taruwa. Python ta ƙara harafin z a fitowarta ta 3.11 a 2022, in ka sa shi a tsarin lamba yana share wannan mainos ɗin na banza. Amma abin da na koma yi wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne na daina ajiye kuɗi da ɗigo kwata kwata, komai a halala nake ajiyewa, riyal ɗaya halala 100, 1,850 ta zama 185000 cikakkiyar lamba, sai an zo bugawa nake sa ɗigon.

Sai masu jan launi. Akwai manhajojin da in lamba mainos ce sai kawai su maida ta ja su cire karan, a sikirin ya yi kyau sosai, amma firintar rasit baƙi kawai ta sani, hoton da aka yi fotokwafi ma haka, ga kuma bayin Allah da idonsu baya bambance ja da wasu launuka tun haihuwa. Kuma ja ba ma'anarsa ɗaya a ko'ina ba, mutanen Sin na da can da suke lissafi da tsinkaye, ja shi ne fulos a wurinsu baƙi ne mainos, akasin abin da akantocin yanzu suka saba. In za ka sa ja ka sa, amma da karan tare. Akantoci kuma nasu salon baka biyu ne, su rubuta (1,850.00) maimakon kara, kuma inaga wannan ya fi kara ƙarfi a takarda don baka biyu ba sa ɓacewa da sauƙi kuma ba ruwansu da dama ko hagu, illarsa dai wanda bai yi karatun akanta ba zai ɗauka ƙarin bayani ne aka saka. Wasu tsofaffin manyan manhajojin kamfanoni su kuma da gangan suke sa karan a baya, 1850- haka, in ka kwaso irin wannan ka zuba a teburin lissafi sau da yawa ba ya ganinta a matsayin lamba, rubutu yake ɗaukarta, in ka yi jimla sai ya tsallake ta shiru ba gargaɗi, jimlarka ta fito da ƙiba kana murna.

Wani abin da na taɓa gani a manhajar kaya da muka yi amfani da ita kafin tawa, an sayar da sallaya ɗaya da ba a riga an shigar da ita ba, sito yana sifili aka cire ɗaya, maimakon -1 sai ta nuna muna da sallaya 4294967295. Wanda ya rubuta ta ya ajiye adadin kaya a irin gidan lamba da bai san mainos ba, mai bit 32, in ka sauka ƙasa da sifili sai ya zagayo ta can ƙololuwa. Haka ma in ka buga -1 da %u, na lambar da ba ta san mainos ba, maimakon %d a C. Wannan ko ba komai ihu yake yi, kowa ya gani ya san da matsala, wanda ke ɓacewa shiru ne ke raba zumunci.

Ko lambar waya ma bata tsira ba, ka rubuta +966 ko +234 ko +249 da sauran lambobin a teburi sai fulos ɗin ya tafi don an ɗauke ta lambar lissafi, in ta yi tsawo ma ta koma wani abu mai E a tsakiya. Lambar waya suna ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta, a ajiye ta a matsayin rubutu shikenan.

Yanzu ga inda na fi so yaranmu su tsaya su yi tunani, don ko ka gyara duk abin da na lissafa akwai tambayar da kara ba zai amsa ba, mainos ɗin na waye. A littafin shago -1,850 a gaban sunan Hajiya na iya nufin muna binta, a wata manhajar kuma wannan karan dai na nufin ita ke binmu, ya danganta da ta wace kujera wanda ya rubuta ya kalli asusun. Ko saƙon banki in ya ce da'in da madin, wato mai bin bashi da wanda ake bi, mutane nawa ne ke tsayawa suna juya wanne ne wanne. Masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, da ya rubuta ƙa'idojin waɗannan lambobi a shekarar 628, da dukiya da bashi ya kira su, ashe tun asali maganar ta 'yan kasuwa ce kafin a zo a ƙanƙance ta ta koma kara. Mu kuma Hausa ta hutar da mu, ina binka daban, kana bina daban, yaro ɗan shekara bakwai da aka aika shago ba zai haɗa su ba. Me zai hana manhaja ta faɗa da baki. Layi ɗaya ne na kod, in lambar ƙasa da sifili take rubuta muna binka, in sama take rubuta kana binmu, in sifili ce rubuta babu bashi tsakaninmu.

Kawu da na nuna masa sabuwar takardar sai ya tuna min cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta marubuci ya rubuta. Ya ce in wanda ake bi ne ke faɗin abin da za a rubuta, ta yaya za ka bashi takardar da shi bai gane ana binsa ba. Tun daga ranar duk wanda zai tafi da saura a kansa sai na karanta masa layin ƙarshe da baki ya amsa kafin in miƙa masa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, mu kanmu dilolin da ke kawo mana kaya suna binmu, kuma na sha karɓar takardunsu in zauna ina lalube ta ina karan ya faɗa.

Na san wani zai ce ai tunda hukumar zakka da haraji ta wajabta fatura ta lantarki daga 4 ga Disamba 2021 komai ya zama tsari ɗaya, kayan da aka dawo da su ma takardarsu daban ce. Gaskiya ne ta gyara abubuwa da yawa, amma ita fatura cinikin ranar take nunawa. Bayanin asusu na tsakaninka da kwastoma, da saƙon da kake tura masa a waya, da teburin adashen matan unguwa, da lissafin masu kago da ke auna kayan alhazai, duk waɗannan yaranmu ne ke haɗa su a laftof cikin dare, wani a Makka wani a Madina wani a Kano yana turowa, kuma babu mai duba musu. Wanda ke Kano ma bai taɓa gwada manhajarsa da sunan kaya na Larabci ba, a sikirinsa komai lafiya lau.

Kai ma Malam Edita ina da roƙo a wurinka. Idan kuna kawo farashin canji ko na kayan masarufi kuna nuna bambancin wannan mako da wancan, dan Allah ku riƙa sa fulos a gaban wanda ya hau kamar yadda kuke sa mainos a gaban wanda ya sauka, mu nan da waya muke karanta ku, kuma da wannan teburin wasu ke yanke shawarar ko su tura kuɗi gida yau ko su jira. Teburin ƙwallo ma ai yana yi, +12 da -7 a gidan bambancin ƙwallaye, ba wanda ya taɓa rikicewa.

Ga masu rubuta manhaja kuma, kafin ka miƙa wa mai shago aikinka ka gwada lambobi biyar, 1850 da -1850 da 0 da -0.001 da kuma cire ɗaya daga sifili, ka sa kalmar Larabci a gaban kowacce, ka buga a ainihin firintar shagon ba a sikirinka ba, sannan ka miƙa wa wata dattijuwa takardar ka ce Hajiya wa ke bin wani anan. Tamu takardar yanzu layinta na ƙarshe Hausa ne da Larabci, lambar da alamarta a hagu, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe MUNA BINKI ko KINA BINMU. Hajiyar da na faɗa da ta dawo ta karanta nata, wannan karon ita ke binmu riyal 320, ta ce a bar mata su sai azumi mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Bab Sharif, Jidda.